Farfaɗo da Tsofaffin Motocin Daji

Farfaɗo da tsofaffin motocin daji aikin sha'awa ne wanda mutum ke sayen tsohuwar mota mai ja da tayoyi huɗu, galibi wadda ta shekara talatin ko fiye, ya kwance ta, ya gyara abin da ya lalace, sannan ko dai ya mayar da ita kamar ranar da ta fito daga kamfani, ko ya sauya mata wasu sassa don ta ƙara iya hawa dutse da keta laka da rairayi. Mai yin wannan ba bakanike ba ne da ke cin abinci da sifana. Yakan kasance malamin makaranta, ko manomi, ko ma'aikacin ofis, ko ɗan fansho, yana aikin da yamma da ranakun hutu a garejin gidansa, da kuɗin aljihunsa, kuma mota ɗaya kan ci masa shekaru. Sha'awar ta fi karɓuwa a Birtaniya, Amurka, Ostireliya, Afirka ta Kudu, Jamus da Japan, inda take da ƙungiyoyi da mujallu, har da kamfanonin da ba su da wata sana'a sai ƙera kayan gyaran motocin da aka daina yi tuntuni.

Motoci uku ne suka mamaye fagen: Jeep ta Amurka, Land Rover ta Ingila, wadda Hausawa suka sani da Landirofa, da Land Cruiser ta kamfanin Toyota. Bayansu akwai Ford Bronco ta farko da aka yi daga 1966 zuwa 1977, da International Scout, Nissan Patrol, Suzuki Jimny, Lada Niva da Mercedes G. Dukkansu an ƙera su ne domin wuraren da babu kwalta kuma babu gareji, inda dole direba ya tayar da motarsa da abin da ke cikin akwatin kayan aikinsa. Wannan sauƙin kwancewa da ɗaurewa shi ya ba mutumin da bai yi koyon kanikanci ba damar sa hannu, kuma a kansa sha'awar ta tsaya.

Asalin motocin

A 1940 rundunar sojin Amurka ta nemi ƙaramar mota mai ja da tayoyi huɗu. Wani ƙaramin kamfani mai suna American Bantam ne ya fara kawo samfuri, amma babbar kwangilar ta faɗa hannun Willys-Overland da Ford, waɗanda suka ƙera fiye da 600,000 kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare. Bayan yaƙin sai gwamnati ta riƙa sayar da ragowar a kan kuɗi kaɗan, samarin da suka koyi tuƙa su da gyara su a fagen daga suka saya. A 1945 Willys ya fitar da CJ-2A domin manoma. Daga nan sana'ar ƙera kayan ƙari ta tsiro: a 1948 Arthur Warn ya fito da wata na'ura da ake ɗaurawa a cibiyar tayoyin gaba don a sake su daga jan inji idan an hau kwalta, a rage shan mai da cin ƙarfe. A 1953 aka fara taron Jeepers Jamboree a kan hanyar Rubicon, hanyar duwatsu mai tsawon kimanin mil 22 a tsaunukan Kalifoniya, kuma har yau ana yinsa.

Landirofa 'yar wannan Jeep ɗin ce kai tsaye. Maurice Wilks, babban injiniyan kamfanin Rover, yana amfani da tsohuwar Jeep ta soja a gonarsa da ke tsibirin Anglesey, sai ya ga kamfaninsa zai iya yin irinta. Samfurin farko na 1947 a kan shasin Jeep aka ɗora shi. An nuna motar ga jama'a a baje kolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu 1948, da inji mai lita 1.6 da tazarar inci 80 tsakanin tayar gaba da ta baya. Ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan yaƙi, saboda haka aka yi bodinta da gaurayen alminiyam da ake kira Birmabright. Series II ta biyo a 1958, IIA a 1961, Series III daga 1971 zuwa 1985. A 1983 da 1984 aka fito da One Ten da Ninety masu sifirin murɗaɗɗe, waɗanda aka raɗa wa suna Defender a 1990. Ta ƙarshe ta fita daga masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairu 2016, bayan an ƙera fiye da miliyan biyu na zuriyar.

Toyota ya fara da samfurin BJ a 1951, sunan Land Cruiser ya zo a 1954. Wadda masu sha'awa suka fi nema ita ce ta jerin 40, wato FJ40 mai fetur da 'yan uwanta masu man gas, da aka yi daga 1960 zuwa 1984, a Birazil kuwa aka ci gaba da irinta da sunan Bandeirante har 2001. Jerin 70 da ya gaje ta a 1984 har yanzu ana ƙera shi.

Shasi da tsatsa

A yawancin waɗannan motoci bodi daban, shasi daban. Shasin dogayen ƙarafa biyu ne da aka haɗa da wasu a gicciye, a kansa inji da giyabos da sifirin da aksil suke rataye, bodin kuwa da noti aka ɗaure shi a sama. Idan aka kwance notocin, mutum uku ko huɗu na iya ɗage sassan bodin su ajiye gefe, a bar ƙashin motar a fili. Motocin gida na zamani ba haka suke ba, jikinsu da ƙashinsu abu ɗaya ne da aka haɗa da walda, shi ya sa idan tsatsa ta ci su sosai sai a hakura.

Duk wanda ya daɗe a harkar zai ce wa sabon shiga ya fara duba ƙarƙashin mota kafin ya dubi fenti. Wannan gargaɗi ya fi muhimmanci ga Landirofa, domin alminiyam ba ya tsatsa, sai ka ga motar tana sheƙi alhali shasinta ya ruɓe, mai saye yana yi wa rogo kallon kitse. Shasin Landirofa rufaffen bututu ne mai kusurwa huɗu. Laka na shiga ta ramuka ta zauna a ciki da danshinta, ta riƙa cin ƙarfen daga ciki zuwa waje. A Birtaniya da arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin hunturu don narkar da ƙanƙara, gishirin kuma yana gaggauta ɓarnar. Wuraren da suka fi mutuwa sanannu ne: ƙarfen gicciye na can baya inda ake ɗaura abin jan tirela, da ƙananan hannuwan da ke tallafe bodi, da wurin da sifirin ke ratayuwa, da allon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba, musamman wajen da ake sa ƙafa da ginshiƙan ƙofa. Ana gwada su da guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai tsabta, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi bus ko gudumar ta huda shi.

Akwai wata ɓarnar ta daban a inda alminiyam ya taɓa ƙarfe. Idan ruwa, balle mai gishiri, ya shiga tsakaninsu, sai wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana, alminiyam ɗin ya riƙa zama farin gari. Ƙofofin Landirofa sun yi suna da wannan, domin fatarsu alminiyam ce, firam ɗinsu ƙarfe. Mai gyara nagari yakan sa roba ko man kariya a tsakanin biyun a duk inda suka haɗu. Ita FJ40 bodinta ƙarfe ne, tsatsarta a fili take: ƙasan ƙofar baya, da saman tayoyin baya, da daɓen ciki.

Idan ɓarnar kaɗan ce sai a yanke wurin a yi waldar sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali. Idan ta yi yawa sai a sayi sabon shasi ɗungurungum. A Ingila akwai kamfanonin da ke ƙera su bisa awon asali, su tsoma su cikin narkakkiyar tutiya, wato zinki, mai zafin kimanin digiri 450, ta rufe ƙarfen ciki da waje. Wannan ne aiki mafi tsada da wahala a farfaɗo da mota, kuma shi ne wanda mai kallo ba ya gani. Amma mota ce da za ta ɗauki iyali ta hau gangare da su, don haka kuɗin da aka kashe a nan ya fi wanda aka kashe a fenti da kujeru amfani nesa ba kusa ba.

Motocin da suka yi rayuwarsu a busassun ƙasashe, irin su Arizona ko tsakiyar Ostireliya, ana rububinsu saboda ba su da tsatsa. Su ma da nasu ciwon: ƙura ta cinye silinda, rana ta busar da robobi, hanya mai gargada ta tsattsaga shasi.

Tsarin aikin kusan ɗaya ne ko'ina. Ana ɗaukar hoton kowane sashi kafin a kwance, a zuba notoci a leda a rubuta inda suka fito. Ana fara ɗaurawa daga ƙasa: shasi, sifirin, aksil, birki da taya, har ƙashin ya tsaya da ƙafarsa. Sai inji da giyabos, sai allon gaba, sai wayarin, sai bodi, fenti a ƙarshe. Kwancewa kwana kaɗan ne, ɗaurewa kuwa watanni ko shekaru, shi ya sa tallace-tallacen motocin da aka kwance aka kasa haɗawa ba sa yankewa a mujallun harkar. Wani abin da ke wahalar da sabon shiga shi ne awon noti. Tsofaffin Landirofa sun fara da awon Whitworth, suka koma na inci irin na Amurka, daga baya na milimita, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar da duka ukun a mota ɗaya.

Inji, giya da birki

Injinan suna da sauƙi. Na Landirofa mai lita 2.25, wanda ya yi aiki daga 1958 har cikin shekarun 1980, silinda huɗu ne da kafireta ɗaya, ƙarfinsa bai kai doki 80 ba. Na FJ40 silinda shida ne, lita 3.9, aka ƙara shi zuwa 4.2 a 1975. Ba gudu aka yi su dominsa ba, ja ne a hankali. Gyaransu shi ne abin da kowane gareji ya sani: a gyara silinda, a sa sabon fistan da ring, a sauya gasket, a wanke lagireto. Abin da zamani ya ƙara shi ne batun mai. An ƙera su lokacin da fetur ke da dalma, wadda ke kare mazaunin bawul daga zafi. Da aka daina sayar da irin wannan fetur a Birtaniya a farkon 2000, sai masu motocin suka koma dasa mazaunin bawul mai tauri. Fetur mai kashi 10 cikin 100 na etanol da ya zama gama-gari a can a Satumba 2021 yana cin tsofaffin robobin mai, kuma roba ɗaya da ta tsage a kusa da salansa ta isa ta ƙone aikin shekara biyar.

Bayan giyabos akwai ƙaramin akwatin giya na biyu, wanda direbobi a Najeriya ke kira ogzilari. Shi ke raba ƙarfin inji zuwa furofelar gaba da ta baya, kuma shi ke da ƙaramar giyar da ke sa mota ta yi rarrafe da ƙarfi ninki biyu ko fiye. A Landirofa Series ana danna wani maɓalli ruwan ɗorawa don shigar da tayoyin gaba, a ja jan sanda don ƙaramar giya. A irin wannan tsari ba a barin tayoyi huɗu suna ja a kan busasshiyar kwalta, domin gaba da baya ba sa cin tazara ɗaya a kwana, ƙarafan sai su murɗe har wani abu ya karye.

Birki ne wurin da ko masu tsananin son asali suke sassautawa. Yawancin tsofaffin motocin birkin ganga gare su a tayoyi huɗu, kuma na farko-farko layin man birkinsu ɗaya ne: bututu ɗaya ya fashe, birki duka ya tafi. Mayar da shi layi biyu da sa birkin faifai a gaba sauyi ne da ya cancanci a yi shi kafin kowane. Haka nan sauya tsohon dinamo da oltaneta, da sa bel a kujeru.

Sauya fasali

Wanda ya fi son daji fiye da tarihi yakan fara da taya. A nan sabon shiga ke yawan ruɗewa, yana zaton ɗaga bodi ko sifirin ne ke hana mota dukan dutse. Abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun difarenshal da ke tsakiyar aksil, kuma ba abin da ke ɗaga shi sai girman taya. Ɗaga sifirin da inci biyu ko uku wuri kawai yake samar wa babbar tayar ta juya. Ribar kuma rabin ƙarin girman ce: wanda ya bar taya mai inci 31 ya koma mai 35, inci biyu kacal ya samu a ƙarƙashin aksil. Abin da ya biya kuwa da yawa. Kewayen tayar ya ƙaru da kusan kashi 13 cikin 100, saboda haka idan agogon gudu ya nuna 80, motar tana kan 90. Inji yana jin nauyi a kowace giya, birki yana buƙatar ƙarin tazara, sandunan aksil suna ɗaukar murɗar da ba a yi su dominta ba. Tsofaffin Landirofa Series sun yi suna da karya sandar aksil ta baya ko da tayarsu ta asali. Don a dawo da ƙarfin sai a sauya haƙoran difarenshal, don kada sanda ta karye sai a nemo aksil mai ƙarfi, haka sauyi ɗaya ke jawo uku.

Ɗagawa kuma na mayar da nauyin mota sama. Waɗannan motoci tun asali gajeru ne, dogaye a tsaye, marasa faɗi, kuma kifewa ita ce babban haɗarinsu a kwana ko a gefen gangare. Idan aka ƙara musu tsayi, aka ɗora tanti da jarkoki a rufi, haɗarin ya ninka. Rufin alminiyam ko na tamfol ba ya kare kowa, shi ya sa ƙungiyoyin gasa ke wajabta kejin bututun ƙarfe da aka kafa a kan shasi.

Sauyin da ya fi kowane tasiri a daji ba a ganinsa daga waje. Aikin difarenshal shi ne ya bar tayar waje ta fi ta ciki juyawa a kwana. Aibinsa shi ne idan taya ɗaya ta tashi sama ko ta faɗa santsi, ita ce za ta yi ta wulwulawa, 'yar uwarta da ke kan ƙasa mai tauri ta tsaya cik. Mota mai ja da tayoyi huɗu tana iya maƙalewa a ƙaramin kwazazzabo, tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suna juyawa a banza. Maganinsa na'urar kulle difarenshal, wadda ke haɗe tayoyin biyu su juya tare. Kamfanin ARB da aka kafa a Melbourne a 1975 ya shahara da irin wadda direba ke kullewa da iska daga mazauninsa, ya sake ta idan ya fito. Masu ƙaramin ƙarfi wani lokaci sukan yi wa haƙoran walda su kulle har abada, abin da ke sa motar ƙin shan kwana a kan kwalta, kuma bai dace da motar da ke shiga cikin jama'a ba.

Sauran kayan ƙarin sun haɗa da injin jan waya da ake ɗaurawa a gaba, wanda Warn ya fara yi wa masu yawon daji a 1959, da farantin ƙarfe mai kare ƙasan inji, da bututun shaƙar iska da ake hawar da shi gefen gilas. Mutane na ɗaukar bututun na ƙetare kogi ne kawai, alhali a busasshiyar ƙasa amfaninsa shi ne shaƙar iskar sama mai ƙarancin ƙura.

Sauya inji ma tsohuwar al'ada ce, kowace ƙasa da abin da ke da arha a wurinta. Amurkawa sukan sa wa FJ40 injin Chevrolet mai silinda takwas. A Ostireliya injin Holden mai silinda shida ya shiga Landirofa masu yawa. A Birtaniya an fi son injin man gas na Landirofa, 200Tdi ko 300Tdi, ko kuma V8 na Rover mai lita 3.5, wanda asalinsa na Buick ne. Masu son tafiyar kwalta sukan ɗauko difarenshal na Range Rover, 'yar uwar Landirofa, mai awon 3.54 su maye gurbin na asali mai 4.7, don inji ya daina kuka a babbar hanya. Kwanan nan wasu kamfanoni sun fara cire injin gaba ɗaya suna sa na lantarki da batir.

Aikin yana da haɗarin da bai kamata a raina ba. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga, sai an tokare ta da matokari na ƙarfe. Tsofaffin takalman birki da kuloci na iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo cutar huhu bayan shekaru, har Ostireliya kan tsare tsofaffin motocin da ake shigowa da su saboda shi. Waldar ƙarfen da aka tsoma a zinki tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi. A daji kuwa, ɗaura igiyar fizga a ƙwallon jan tirela ya kashe mutane, domin ƙwallon kan ɓalle ya taho da gudu ya fasa gilas.

Masu asali, masu sauyi, da doka

Harkar ta rabu gida biyu, kuma saɓanin na gaske ne. Ɓangare ɗaya na ganin motar shaidar tarihi ce, dole launin fenti da irin noti da ɗinkin kujera su dace da shekarar da aka ƙera ta. A cikinsu ma akwai waɗanda ba sa yarda a sake fenti, sun fi son a bar lotsawa da koɗewar da aiki ya bari a jikinta. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, wadda ke ɗaukar motar da ta shekara 30 a matsayin ta tarihi, ta tsara ƙa'idojin irin wannan adanawa a Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013. Misali mai kyau shi ne Landirofar da ake kira Oxford, ɗaya daga cikin biyun da ɗaliban jami'o'in Oxford da Cambridge suka tuƙa daga Landan zuwa Singafo a 1955 zuwa 1956. An gano ta a wargaje a tsibirin Saint Helena, aka dawo da ita Ingila a 2017 aka tayar da ita ba tare da goge alamun shekarunta ba, a 2019 kuma ta yi tafiyar daga Singafo zuwa Landan. Ɗaya ɓangaren na cewa an yi motar ne don aiki, kuma masu ita tun farko sauya ta suke yi. Kowanne da gaskiyarsa, sai dai yanka motar da irinta ta yi ƙaranci asara ce da ba ta dawowa, ga kuma dubban gama-gari da za a iya yankawa ba a rasa komai ba.

Doka ma tana da baki a ciki. A Birtaniya, tun Mayu 2018 motar da ta haura shekara 40 ba dole a kai ta gwajin lafiya na shekara-shekara ba, muddin ba a yi mata babban sauyi ba cikin shekaru 30 da suka wuce. A Jamus tun 1997 ake ba motar da ta shekara 30 lamba mai harafin H idan tana kusa da asalinta, kuma duk babban sauyi sai masu bincike sun amince. A Amurka dokar 1988 ta sa ba a shigo da motar da ba ta cika ƙa'idojin ƙasar ba sai ta shekara 25. Da yake daga 1993 zuwa 1997 kawai aka sayar da Defender a can, sai wasu suka riƙa liƙa wa sababbi lambar shasin tsofaffi, hukumar kwastan kuma ta ƙwace da dama, har ta murƙushe wasu.

Wurin tuƙawa shi ma abin jayayya ne, domin taya na lalata ciyayi da hanyoyin ruwa. Hukumar gandun dajin Amurka ta ƙaddamar da shirin Tread Lightly a 1985 don koya wa direbobi tsayawa kan hanyar da aka ware. A Ingila da Wales wata doka ta 2006 ta rufe hanyoyin karkara masu yawa ga motoci. Manyan taruka, irin wanda ake yi a Moab ta jihar Utah tun 1967, da izinin hukuma ake yinsu a kan hanyoyi sanannu.

A yankin Sahel

Waɗannan motoci ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Landirofa ce ta kai jami'an lafiya da malaman gona da na dabbobi da 'yan sanda ƙauyukan da babu titi tun kafin samun 'yanci. Gasar Paris zuwa Dakar ta farko, da ta tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Range Rover ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren motoci. Daga baya Toyota ta karɓe fagen a yankin, har yaƙin Cadi da Libiya na 1987 ya samu laƙabin Yaƙin Toyota saboda motocin a-kori-kura da sojojin Cadi suka yi amfani da su. A Nijar kat-kat ake ce musu, kuma su ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku.

Sai dai a nan gyaransu neman abinci ne. Sauyin da ake yi na ɗaukar kaya ne da nisan zango: ƙarin ganyen sifirin, ƙarin tankin mai, farantan ƙarfe na fita daga rairayi, da sage iskar taya kafin a shiga yashi. A Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Suame Magazine a Kumasi, akwai makanikai da masu walda da masu gyaran bodi da ke ƙera abin da babu shi a kasuwa, gwanintar da mai sha'awa a Turai zai biya kuɗi mai yawa ya samu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ajiye motar don tarihinta. Idan ta daina kawo kuɗi, 'yan gwangwan ne ke saye su yanka su auna a sikeli, ba tare da an rubuta ma'aikatar da ta yi wa aiki ko hanyoyin da ta bi ba.

Kasuwa da kayan gyara

Tun da aka daina ƙera Defender farashin tsofaffin ya tashi, satarsu ma ta ƙaru a karkarar Birtaniya, inda ɓarayi ke kwance ƙofofi da bonet cikin dare saboda sauƙin notocinsu. Kamfanonin da suka ƙera motocin su ma sun shigo. A 2016 Land Rover ya sanar da shirin Reborn, inda ya fara da farfaɗo da Series I, wato Landirofa ta farko, guda 25 don sayarwa. A 2021, shekarar da Land Cruiser ta cika 70, Toyota ya ce zai sake ƙera wasu kayan gyaran jerin 40. Akwai kuma garejojin da ke ɗora tsohon bodi a kan sabon shasi da injin zamani su sayar a farashin motar alfarma, abin da ya sa ɗan koyo mai ƙaramin albashi ke komawa kan Suzuki ko tsohuwar Land Rover Discovery.

Iyakar abin da ake kira tsohuwar mota tana matsowa kowace shekara. Injin Td5 da ya shiga Defender a 1998 kwamfuta ke sarrafa mansa, kuma motocin farko masu shi sun cika shekara 25 a 2023, sun samu damar shiga Amurka. Masu su yanzu na sayen na'urar karanta laifin inji tare da sifana. Masu doguwar tafiya kuwa har yanzu sun fi biyan kuɗi a kan 300Tdi na Landirofa da 1HZ na Toyota mai lita 4.2, waɗanda famfon mansu ba ya buƙatar kwamfuta.